Motar da Yaya Ya Tsare wa Ɗan Fari

A da, idan aka yi rashi a cikin birnin Zariya, da takalma ake gane yawan jama'ar mamaci. Mutum zai doso ƙofar gida ya ga takalma jere tun daga bakin zaure har jikin katangar maƙwabta, ya san wanda ya tafi mai mutane ne. Kowa da ƙafa yake zuwa, mai hali ya zo da keke ya jingine. Yanzu da motoci ake ganewa. Ranar da muka rasa Yaya, wana da muke ciki ɗaya, motoci suka toshe lungunmu tun daga hanyar Ƙofar Kuyambana, sai da aka roƙi wasu suka ja baya kafin makara ta samu wurin fita. Mutumin da aka taru dominsa kuwa bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa.

Aikin tafinta ya kai ni wurare, na kuma zauna zaman makoki iri-iri. Na ga inda ake kafa rumfa a titi ana raba baƙin gahawa a Alƙahira, na ga inda ake kaɗa ganga a Kumasi. Amma ban taɓa ganin zaman da masu gaisuwa suke fara leƙa ma'ajiyar mota kafin su shigo zaure ba, sai namu. Akwai wata rumfar kwano a hagu da zaurenmu, mai katangar ƙasa da ƙyauren ƙarfe. Duk wanda ya san Yaya sai ya ɗan tsaya a bakinta, ya sa ido ta kafar ƙyaure, sannan ya cire takalmi ya shigo.

Abokinsa na ƙuruciya, wanda yanzu sai an riƙe masa hannu yake tafiya, ya shafa fatiha, sannan ya ce, "To, yanzu wa zai riƙa buɗe mata baki da safe?" Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi ana share ido. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati daga Gyallesu ya ce, "Ba don shi ba, da tawa motar tuni kaji suna ƙwai a cikinta." Akwai kuma wani mai gyaran wayar mota daga Wusasa, Kirista, wanda ya shekara goma sha biyar yana zuwa gidanmu. Shi ya cire hula ya tsaya a bakin rumfar, ya daɗe a tsaye. Da ya shigo ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, sai ya ce, "Baba, Asabar mai zuwa ce ranar zuwana. In zo?"

Baƙin da suka zo daga nesa ba su fahimci wannan leƙe ba. Jikokinsa ma za su taso su ji ana cewa kakansu ya yi gadin mota, su ɗauka abin dariya ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya mutumin hatsi ne. Gonarmu ta gado tana gindin dutsen Kufena, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne mai rumbunan gida. Shi ke sanin damin da za a fara ci da wanda za a bari sai damina ta yi nisa. Wanda ya yi wannan aiki shekara da shekaru, dole ya san ɓera kamar yadda mai kiwo ya san kura. Yana bambanta sawun ɓeran gida da na jaɓa da na gafiya. Yana duban kashin ɓera ya faɗa maka ko na jiya ne ko na makon da ya wuce. Ba ya zagin ɓera, ba ya ma jin haushinsa. Cewa yake yi, "Ɓera baƙo ne. Inda aka yi masa shimfiɗa nan yake kwana."

Motar ba tasa ba ce. Ta ɗansa na fari ce.

Kun san yadda mutanen zamanin da suke jin kunyar ɗan fari. Yaya ya riƙi wannan kunya fiye da duk wanda na sani. Tun da aka yaye yaron aka miƙa shi ɗakin ƙanwar Yaya, yayata, wadda kowa a gidan yake kira Gwaggo, har mu. Ita ta raine shi. Yaya bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Idan yaron ya zo gaisuwa da safe, sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, Yaya ya amsa yana duban wani wuri. Idan ya ci jarrabawa aka zo da albishir, sai Yaya ya ce, "Madalla," ya ci gaba da auna dawa.

Yaron ya yi karatu ya zama likita. A farkon shekarun tamanin ya sayi mota sabuwa fil, fara mai ƙofa huɗu, ita ce ta farko a zuriyarmu. Bai cika shekara yana hawanta ba aka tura shi ƙarin karatu Ingila. Ranar tafiyarsa ina nan. Ya shigo zaure ya durƙusa, ya ajiye makulli a gefen buzun da Yaya ke zaune, ya ce yana kallon ƙasa, "A ajiye mini ita. Shekara biyu zan yi." Yaya bai dubi makullin ba. Ya ce, "A bar shi nan. Allah ya kiyaye hanya." Iyakar sallamarsu ke nan.

Daga ranar yaron ya samu suna a bakin ubansa. Ya zama "mai motar."

Gidanmu yana kusa da kududdufi, ga kango a bayanmu, ga rumbuna a ciki. Babu inda ɓera yake so kamar nan. Duk wanda ya taɓa ajiye mota ya san abin da ɓera ke yi mata idan ta daɗe ba ta motsa ba: ya ci robar wayoyi, ya yage soson kujera ya yi sheƙa, ya haihu a cikin inji. Yaya bai san inji ba, amma ya san rumbu, don haka ya mai da motar rumbu. Ya sa aka gina rumfar nan, ya bar kamu biyu tsakanin motar da kowane bango, domin ɓera yana tsalle. Ya sa aka ɗauko duwatsu huɗu daga Kufena, aka ɗaga motar aka cire tayoyinta aka ɗora ta a kai. A saman kowane dutse ya sa murfin durom mai faɗi, yadda in ɓera ya hau dutsen sai ya tarar da rufi a kansa, babu wurin kamawa. Tayoyin ya kai su ɗakinsa ya jera a bayan gado. Ya toshe bakin salansa da ragar ƙarfe. Ya ƙulla kafur a ƙananan tsummoki ya rataya a cikin inji, ya zuba busasshen ganyen dogon yaro a ƙarƙashin kujeru. Reshen da ya leƙo kan rumfar ya sa aka sare shi. Guba ce kawai ya ƙi. Ya ce ɓeran da ya ci guba ciki yake shigewa ya mutu inda hannu ba ya kaiwa, ga kuma kajin mata.

Sai toka. Kullum da yamma yakan tankaɗe toka da rariya ya zagaye motar da ita, sumul kamar an shimfiɗa zane. Da safe idan gari ya waye sosai, sai ya buɗe ƙyaure ya tsuguna ya yi ta dubanta. Idan babu sawu, ya ce alhamdu lillahi. Idan akwai, ya bi shi ya ga daga ina ya fito, ina ya tsaya, ya nemo ramin ya toshe da ƙasa da fasassun kwalabe. Daga nan ya ɗaga murfin inji ya bar shi a buɗe har hantsi, domin ɓera ba ya son haske da iska. Abin da abokinsa yake nufi da buɗe mata baki ke nan. Ya bubbuga jikinta da tafin hannu, ya buɗe ƙofa ya sa kai ya shinshina. Bai taɓa zama a cikinta ba. Motar ɗan fari ce.

Asabar ɗin farko ta kowane wata, mai wayar nan na Wusasa yakan zo a kan babur da batir ɗaure a baya, da 'yar jarkar mai. Ya tayar da injin ya bar shi ya yi zafi, ya duba abin dubawa. Yaya ya sa a dama masa fura. Wata rana na ji mai wayar yana tsokanarsa.

"Baba, wannan motar ta fi amarya gata."

Yaya ya ce, "Amarya tana da baki, in abu ya cije ta za ta faɗa. Wannan fa?"

"To ko in koya maka tuƙi, ka ɗan zagaya da ita ta sha iska?"

"Ka taɓa ganin mai gadin rumbu ya zagaya da rumbu? Sha furarka."

Da na dawo daga wata tafiya na ba shi labarin abin da na gani a tashar jiragen ruwa ta Abidjan: kowace igiya da aka ɗaure jirgi da ita an zura mata faifan ƙarfe mai faɗi a tsakiya, don kada ɓera ya bi ta ya hau. Ya sa na zana masa a ƙasa. Ya duba ya jinjina kai ya ce, "Ashe su ma sun zo sun san rumbu." Na ce masa a Jamus akwai wata dabba mai kama da tunku da ke cin wayar mota, har mutane suna shimfiɗa ragar ƙarfe a ƙarƙashin motocinsu. Ya ce, "Allah sarki. Ba su da toka ne?"

Shekara biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama shida. Mai motar ya gama karatu aka ba shi aiki, matarsa ta bi shi, suka fara haihuwa a can. Wasiƙunsa Gwaggo yake aiko wa. Ita kuma ba ta yarda a karanta mata a ɗaki, sai a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin Yaya. Idan ni ke karantawa muryata ta yi ƙasa, sai mu ji tari daga ciki. Gwaggo ta ce, "Ɗaga murya, kunnena ya fara nauyi." Kunnenta lafiyarsa lau.

A shekara ta shida Yaya ya tafi aikin hajji, ya bar wa Gwaggo makulli da dokoki. Ta kuwa bi su. Ba ta fasa buɗe inji ba ko sau ɗaya, ba ta fasa zuba toka ba. Kuskurenta biyu ne. Na farko, ta ɗauka tokar ce maganin, don haka kowace safiya sai ta share ta jiya ta zuba sabuwa ba tare da ta dubi abin da ke kanta ba. Na biyu ya fi girma. Gwaggo sana'arta daddawa da ƙuli-ƙuli, kuma shekara da shekaru ɓeraye suna raba ta da gyaɗarta. Ta dubi motar nan ta yi tunani irin na mai hankali: a duk unguwar nan, ina ne wuri ɗaya da ɓera bai taɓa shiga ba? Sai ta zuba buhunan gyaɗa a but ɗin motar, ta jera kwandunan daddawa a kujerar baya. Da yake motar tana sama kan duwatsu, ta kifa turmi a bayanta don ta riƙa takawa, ta bar shi nan jingine. Ta yi wa baƙo shimfiɗa, ta kuma kafa masa tsani.

Kafin alhazai su sauka ta kwashe kayanta, ta ɗauke turmi, ta goge ko'ina. Yaya ya dawo gida cike da masu barka da zuwa, bai samu sukunin shinshinawa yadda ya saba ba. Kwana uku da saukarsa, sai ga mai motar, ya zo yi wa ubansa barka. Zuwansa na farko ke nan tun tafiyarsa.

Ban manta hantsin da aka ce za a tayar masa da motar ba. Aka aika Wusasa mai waya ya zo da batir. Duk gidan aka fito, mata suna leƙe daga soro. Yaya ya zauna a zaure ya juya wa ƙofa baya yana jan carbi, amma na lura carbin ba ya tafiya. Mai motar ya hau ya zauna, ya shafa sitiyari, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Shiru. Mai waya ya kwanta ya zura hannu a ƙarƙashin gaban motar, inda wayoyi suke taruwa, ya jawo wani abu. Sai ɓawon gyaɗa ya zubo kamar an kwance bakin buhu, da guntayen soso, da wayoyi a gutsure. Wani ƙaton ɓera ya diro ya bi ta tsakanin ƙafafun mutane. Aka watse ana dariya.

Mai motar ma ya yi dariya. Ya ga fuskar Gwaggo ta canza, ya so ya sauƙaƙa mata. Ya ce, "Haba Gwaggo, kada ki damu. Tsohon ƙarfe ne. Ai ni har na manta da ita. A sayar kawai a huta."

Yaya yana ji. Bai juyo ba.

Ya jira har mai motar ya gama kwana gomansa ya koma. Kafin nan yara sun ba shi labarin turmi da daddawa. Sannan ya aika a kira Gwaggo, ni ma ya ce in zauna.

"Gyaɗar wa ce?"

Ta ce, "Tawa ce, Yaya. Ɓeraye ne suka ishe ni."

"Sai kika kai musu inda za su ci a natse."

"Ni na san za su hau? Kai ka ce ba mai iya hawa."

"Na ce ba mai iya hawa dutse. Ban ce ba mai iya hawa turmi ba."

"To ai sai ka kama ɓeran ka tuhume shi. Shi ya ci waya, ba ni ba."

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Gwaggo ba ta barin ta kwana. Ta gyara zama ta ce, "Shi mai abin ya ce ya yafe, ya ce a sayar. Kai mene ne naka? Ni na goya shi, ni na yi jinyar ƙyandarsa, ban tayar da hankalina ba. Kai da ko sunansa ba ka iya faɗa, ka zo kana yi wa ƙarfe kuka."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce a hankali, "Ke kin goya shi. Ni abin da aka ba ni in riƙe ke nan, guda ɗaya. Ya zo ya tarar ban riƙe ba." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Wata huɗu ba su yi magana ba, sai gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu. Ya hana a sa masa daddawa a miya, ya yi ta cin tuwo da miya salam yana ramewa. Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba, alhali kullum sai ta tambayi masu girki ko ya cinye. Ran nan da la'asar ta dawo daga unguwa da kwando a rufe, ta dire a gabansa ta buɗe. Kyanwa ce, baƙa mai farin wuya.

Ya ce, "Wannan baƙuwar fa?"

"Ta zo yin aikin da na kasa."

Ya dubi kyanwar, ya dubi Gwaggo. Ya ce, "Kada a riƙa cika mata ciki, in ta ƙoshi ba za ta yi aiki ba." Da za ta tashi ya ƙara da cewa, "Ki ce musu miyar nan ta kwana biyu ba ta da daɗi." Washegari ya kira ta rumfa ya tsugunar da ita, ya koya mata karatun toka.

Motar kuwa bai sayar ba. Mai waya ya yi Asabar bakwai a jere yana sake mata wayoyi ɗaya bayan ɗaya, Yaya yana zaune a gefe yana riƙe masa kwanon kusoshi. Ranar da ta tashi, sai Yaya ya sa aka kama zakara biyu aka ɗaure wa mutumin a bayan babur.

Ni ma na yi nawa laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Bayan wasu shekaru aiki ya bi da ni ta Ingila na sauka gidan mai motar. Na ga gidansa, na ga 'ya'yansa da ba sa jin Hausa sosai, na ga yadda asibiti ya riƙe shi. Na gane ba mai dawowa ba ne. Ya tambaye ni kowa da kowa, ya bar ubansa a ƙarshe, ya yi tambayar a gajarce kamar yadda aka koya masa. Da na dawo, Yaya ya bari sai da kowa ya gama jin labari ya watse, sannan ya ce, "Can inda ka sauka, akwai ɓeraye?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "Mutumin da ya sauke ka, yana da wurin ajiye mota mai kyau? Ruwa ba ya zuba?" Na ce gidansa lafiya lau, babu yoyo, akwai abin ɗumama ɗaki, yana cin abinci, ya ma yi ƙiba. Ya ce, "To, madalla."

Da na tsaya nan da na kyauta. Sai na ce, "Yaya, ka girma. Tsugunon nan na kowace safiya yana cin gwiwarka. Yaron nan ba zai dawo ba, na gani da idona. Jiran me kake yi?"

Ya dube ni irin duban da yake yi mini tun ina yaro. Ya ce, "Kai da ka iya harsuna da yawa, ashe Hausa ce ta gagare ka. Ba a ce mini in jira ba. An ce mini in ajiye."

Ban sake tayar da zancen ba.

Da aka shiga shekarun wahalar mai, lokacin da mota kan yi makonni a ƙofar gida ba ta motsa ba, ga kayan gyara sun yi tsada, sai ɓeraye suka samu gari. Mutanen da suka yi ta yi masa dariya suka fara sallama a zaurenmu. Malaman makaranta, 'yan fansho, 'yan kasuwa. Bai taɓa tuna wa kowa dariyar da ya yi ba. Sai ya ɗauki sandarsa ya bi mutum har gida, a cikin birni ko Gyallesu, wani lokaci har Wusasa a bayan babur ɗin mai waya. Ya zagaya motar, ya ce a ɗauke buhun masarar nan daga nan, a nome ciyawar can, a matsar da ita daga jikin bango, a daina barin yara suna cin rogo a ciki. Tambayarsa ta farko kullum ita ce, "Me kuke ajiyewa a but?" Idan Gwaggo tana kusa sai ta ce, "An dai ji. A bar tone-tone."

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, wata biyu ne. Da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, Gwaggo ta karɓi rumfar. Kowace safiya idan ta shigo gaishe shi, kafin ya amsa sai ya ce, "An buɗe?" Ta ce an buɗe. "Sawu fa?" Ta ce babu, ko ta ce na jaɓa ne, ya wuce bai tsaya ba. Muka ce za mu buga wa mai motar waya ya zo. Ya ce, "Mutum yana aikinsa, marasa lafiya sun dogara da shi. Kada a dame shi." Muka buga ba da saninsa ba, amma mun makara. Ya cika ranar Talata da hantsi, aka kai shi bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa.

Mai motar ya iso rana ta huɗu, da furfura a gemunsa. Bayan ya karɓi gaisuwa ya huta, washegari Asabar ya ga mai waya ya tsaya da babur a ƙofar gida. Ban ce masa ya zo ba, ban kuma hana shi ba, shi ya ga ya dace. Gwaggo ta fito da makulli ta buɗe ƙyaure.

Mai motar ya tsaya turus. Ya ce, "Gwaggo, har yanzu tana nan? Na ɗauka an sayar tun tuni. Wa yake ta wahala da ita?"

Ta ce, "Wa kake tsammani?"

"Ke?"

"Ni gyaɗa na zuba mata. Shiga ɗakin ubanka ka duba bayan gado."

Ya shiga ɗakin da bai taɓa wuce bakin ƙofarsa ba, ya fito da tayoyi ɗaya bayan ɗaya, a goge, babu ƙura. Aka ba su iska aka ɗaura, aka sauke ta daga kan duwatsu. Ya shiga ya zauna. Sai da mai waya ya nuna masa ramin makulli. A murɗawa ta biyu ta tashi, lafiya lau, kamar jiya aka kashe ta.

Ya ce in shigo in raka shi maƙabarta. Muka fita a hankali ta cikin lungu, mutane suna matsawa suna kallo, wasu ba su taɓa ganinta a waje ba. Mun kusa ƙofar gari ya ce, "Baffa, ya taɓa ambaton sunana?"

Na ce, "Ko sau ɗaya ban ji ba."

"To me yake ce mini?"

"Mai motar."

"Kullum yake dubata?"

"Kowace safiya, shekara goma sha shida, ban da kwanakin hajji da na ciwo."

Ya gangara gefen hanya ya tsaya, bai kashe injin ba. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Na juya ina kallon ganuwa har ya gama.

Mako biyu ya yi. Kullum da ita yake zuwa ko'ina. Ana gobe zai koma ya durƙusa gaban Gwaggo ya ajiye makullin, ya fara cewa a ajiye masa. Ba ta bari ya ƙarasa ba.

Ta ce, "Tsaya. Za ka dawo ka zauna?"

Ya ce, "Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai dai ziyara."

"To ɗauki abinka. Wanda aka ba amana ya riƙe, ta kuma dawo hannun mai ita lafiya, ka gani da idonka. Ni ba ni da irin ƙarfinsa. Ka tafi da ita ko ka bayar."

Ya ba mai waya. Mutumin ya ƙi, ya ƙi, sai da Gwaggo ta ce masa Yaya ba zai yarda da hannun kowa a kanta ba in ba nasa ba. Ya tuƙa ta zuwa Wusasa, na ji yanzu da ita yake kai iyalinsa coci.

Rumfar tana nan, an fara tara itace a ciki. Mu da muka rage muna tashi da safe mu gaisa mu karya, babu wanda yake da abin dubawa. Shekara goma sha shida gidanmu yana shirye domin dawowar mutum ɗaya, ko da ba a faɗa. Yanzu ba ma ajiye wa kowa komai.